Fodkas daga Birnin Kebbi: sojan da ke cikin ofishin jakadanci da maigadin da ke bakin titi

Bashar: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a fodkas ɗinmu daga nan Birnin Kebbi. Bashar ne, ga Anti Nafisa kamar kullum, sannan yau muna tare da ƙanin mahaifiyata, Kawu Sajan, tsohon soja ne, ya yi Laberiya ya yi Saliyo kafin ya aje kaki. Kawu barka da zuwa.

Kawu Sajan: Barka kadai Basharu. Nafisa ina gajiya, ya ɗiya?

Nafisa: Lafiya lau Baba, mun gode da ka amsa kiranmu duk da wannan zafin.

Bashar: To maganar yau wani mai saurarenmu ne daga Kamba ya jawo ta. Ya ce shi tun abin da ya faru a Yamai a 2023 yake da tambaya, wai lokacin da jama'a suka yi dafifi ƙofar ofishin jakadancin Faransa har suka ɓalle allon suna suka tattake, ai akwai jami'ai masu bindiga a ciki, to me ya hana su buɗe wuta kan mutane, kuma in ba za su yi ba mene ne amfaninsu?

Nafisa: Ranar 30 ga Yuli ke nan, kwana huɗu bayan an hamɓarar da Bazoum. Duk mun ga bidiyon a Facebook, an cinna wa wata ƙofa wuta, daga baya barkonon tsohuwa ya watsa taron. Kuma rikicin bai tsaya nan ba, sojojin Tchiani suka ba jakadan awa 48 ya fita ya ƙi, aka tsare hanyar kai musu kaya har Macron ya fito yana cewa jakadansa abincin gwangwani na soja yake ci, sai ƙarshen Satumba ya tafi, farkon 2024 suka rufe ofishin gaba ɗaya.

Kawu Sajan: Wanga mutumin Kamba tambayar soja yay yi, kuma ansa ɗaya ta. Kai kana cikin ƙasar mutane, ku goma ko ashirin, waje kuwa dubu nawa? In ka kashe mutum guda bakin ƙohwa to ka buɗe abin da ba ka iya ruhewa, harsashinka ƙarewa za shi yi su ko ba su ƙarewa. Kuma tun hwarko tsaron waje ba aikinka na ba, aikin masu ƙasa na.

Bashar: Haka dokar ta ce kuwa Kawu. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci, sashe na 22, ga abu biyu cikin abin da ta faɗa. Na farko jami'an ƙasar da ta karɓi baƙuncin ba su da ikon shiga ofishin sai jakada ya yarda, na biyu kuma nauyi ne a kanta ta kare wurin daga kutse ko ɓarna. Shi ya sa in ka bi ta unguwar jakadu a Abuja 'yan sandanmu za ka gani a bakin titi da motarsu, baƙin sojan yana can ciki ba ka ma ganinshi.

Kawu Sajan: Ai wagga magana ta girmi Biyana nesa. Manzannin Musailamu sunka zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, sunka hwaɗi maganar da ba ta da daɗin ji, amma anka bar su sunka koma lahiya don ba a kashe ɗan aike. Mu mun san wannan tun muna makarantar allo.

Nafisa: Sallallahu alaihi wa sallam. To Bashar tunda kowace ƙasa da tsarinta, Faransa jandarmomi da 'yan sanda take turawa, wasu kamfani kawai suke ɗauka, wa za mu ɗauka mu yi misali?

Bashar: Amurka, don su ne abin nasu ya daɗe kuma ya fi fitowa fili. Sojojin Marin suke turawa, wato sojojin ƙundumbala da ke ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwansu. An sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ma'aikatar harkokin wajensu da rundunar ruwa a Disambar 1948, a Janairun 1949 na farko suka tashi zuwa Bankok da kuma Tanja ta Maroko, yau suna ƙasashe fiye da 100 har da nan, akwai su Abuja akwai su Legas. A Kwantiko ta jihar Bajiniya ake horar da su, kuma ƙananan cikinsu, daga sajan zuwa ƙasa, sai marasa aure ake ɗauka, shugaban tawagar ne kawai ake bari ya zo da iyali. Shekara ɗaya a wannan ƙasa, a ɗauke ka a kai wata, sau uku. Gida ɗaya suke zama gaba ɗayansu.

Nafisa: Yara ne fa ke nan.

Bashar: Yara ne Anti, da yawa shekara ashirin da 'yan kai. Kuma ba yawa gare su ba, a ƙaramin ofishi a da mutum shida ne har da shugabansu. Inda suke tsayawa wani ɗan ɗaki ne daga shiga ginin, gilashinsa harsashi bai huda shi, ga talabijin na kyamarori, ga rediyo, ga maɓallan da ke kulle duk ƙofofin ginin lokaci guda, shi suke kira gurbi na ɗaya, ba dare ba rana sai da mutum a ciki. In ma'aikata sun tashi kuma su bi ofis ofis suna duba ko wani ya bar takardar sirri bisa tebur ko ya manta bai kulle akwatin ƙarfe ba, in sun samu su rubuta ma takardar laifi ko kai wane ne. Don shekara da shekaru aikinsu na farko a rubuce shi ne kare takardu da na'urorin sirri, kare mutane yana biye.

Nafisa: Tsaya tsaya. Takarda kafin rai? Wallahi wannan bai kwanta min ba.

Kawu Sajan: Ɗiyata takardar nan rayuka na cikinta. Sunan wanda ka kawo musu labari, ina shike kwana, nawa anka ba shi. In ta hwaɗa hannun da ba shi ba, mutum nawa za a bi gida gida a ɗauke? Kin jiya? Ba wai ina yabon aikin leƙen asirinsu ba, a'a, amma wanda yat tsara abin ya san mi shikai.

Bashar: Kuma an gani a Tehran. Ranar 4 ga Nuwambar 1979 ɗalibai suka haura katangar ofishin Amurka saboda an bar Shah, sarkin Iran da aka hamɓarar, ya shiga Amurka neman magani. Sojojin Marin na ciki da bindigoginsu, aka ce kar wanda ya harba, barkonon tsohuwa kawai suka jefa suna ja da baya don a samu lokacin lalata takardu, ƙarshe aka ce su aje makamai, aka ɗaure musu idanu tare da sauran. Mutum 52 suka yi kwana 444 a tsare, sai 20 ga Janairun 1981 aka sake su. Takardun da injin ya yayyanka siri siri kuwa, Iraniyawa suka zauna suka harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya suka buga su littafi littafi.

Nafisa: To Baba kai a matsayinka na soja, a ce maka miƙa bindigarka ga ɗalibi, ya za ka ji?

Kawu Sajan: Kamar an tuɓe ni tsakar kasuwa. Tun ranar da ka shiga difo ana gaya ma bindigarka ita ta ranka, ko barci kakai tana jikinka. Amma ki duba, duka 52 ɗin sun koma gida da ransu. Da yaro guda ya yi zuciya ya saki wuta, ina tabbatar miki gawa za a ƙirga.

Bashar: Sati biyu da 'yan kwanaki bayan nan sai na Islamabad, kuma wannan ya shafe mu ta wata fuska don daga Harami abin ya taso. Ranar 20 ga Nuwambar 1979, ɗaya ga Muharram 1400, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Ka'aba da makamai. Saudiyya ta katse layukan waya, ba wanda ya san takamaimai su waye, sai jita-jita ta bazu cewa Amurka da Isra'ila ne, har Khomeini ya faɗi haka aka watsa a rediyo. Washegari motocin bas cike da ɗalibai suka nufi ofishin Amurka a Islamabad.

Kawu Sajan: Na tuna lokacin Haramin nan, ina saurayi. Tsohhinmu kuka su kai bakin rediyo, ba wanda ya iya cin abinci.

Bashar: To ka ga irin zafin da mutane suka fito da shi. Suka karya ƙofa suka cinna wa gine-gine wuta. Wani kofur mai suna Steven Crowley, shekararsa 20, yana bisa rufin yana duba abin da ke faruwa, harsashi ya same shi a kai. Aka janyo shi ciki, ma'aikata fiye da ɗari, Amurkawa da 'yan Pakistan, suka shige ɗakin ƙarfe na sadarwa a bene na sama suka kulle, wuta na ci a ƙasansu har daɓen ya fara zafi yana ɓamɓarewa, hayaƙi na shigowa, masu zanga-zanga na bisa rufi suna harbi ta bututun iska, shi kuma yaron yana kwance a cikinsu jini na zuba har ya cika. Awanni suna kiran a kawo ɗauki, shugaban ƙasar Ziya'ul Haƙ yana Rawalpindi yana zagayen gari bisa keke, sojoji ba su iso da ƙarfi ba sai da rana ta yi sanyi taron ya fara watsewa da kansa. Ta wata ƙofar rufi suka fita, kuma shugaban tawagar Marin ɗin ya koma ya saɓo gawar yaronsa a kafaɗa.

Kawu Sajan: Allahu akbar. Wannan sajan na ƙwarai na. Ba a barin yaro.

Nafisa: Amma Bashar ka faɗi sauran da suka mutu.

Bashar: Akwai wani jami'in sojan ƙasa Bryan Ellis da ya ƙone a gidansa, da ma'aikata biyu 'yan Pakistan, da wasu cikin masu zanga-zangar.

Nafisa: Yawwa, ka riƙe min wannan, ma'aikata biyu 'yan Pakistan, zan dawo kanta. Kuma abin takaici duk ran nan an rasa su ne kan labarin ƙarya, wanda ya shiga Harami ɗan Saudiyya ne. Mu da muke tura duk abin da ya shigo WhatsApp ba tare da mun tambaya ba, wannan ya ishe mu tsoro wallahi.

Bashar: Kawu kai ka gan su da idonka a Monrobiya ko?

Kawu Sajan: Na gane su. Watan Afrilun 1996, lokacin da mutanen Taylor da na Kromah sunka tashi kama Roosevelt Johnson, dukkansu madugan yaƙin basasar Laberiya na, gari yar rikice. Ofishin Amurka na Mamba Point, bakin teku, tsallaken hanya kuma akwai wani hili nasu da a ka ce ma Greystone, mutanen gari dubbai sunka kwarara ciki da tabarmi da tukwane da ɗiya goye, jirage masu saukar ungulu na ta ɗibar baƙi zuwa Firitawun. Mu muna ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lahiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, mun biyo ta wurin da mota ni da wani abokina mutumin Zuru, kun san Zuru gidan soja ta, to sai nig ga wani yaro bisa katanga bayan buhunnan rairai, hular kwano, rigar ƙarhe, cikin wanga zahi na bakin teku, huskarshi ta yi ja wur zuhwa na ɗiga ta haɓa. Ƙasa ga 'yan tawaye yara ƙanana, wani da gashin mata na kanti bisa kai, wani da rigar amarya, sun sha ƙwaya, suna wucewa suna nuna mai bakin bindiga suna zagi. Yatsanshi na miƙe gehen kunamar bindiga bai sa shi ciki ba. Kanshi kaɗai ka juyawa, shi bi wannan da ido shi bi wancan. Abokina yac ce min, Manu, wancan yaron ya hi mu wahala, mu ko banza muna tahiya.

Nafisa: Bai harba ba har kuka wuce?

Kawu Sajan: Bai harba ba. Daga baya cikin watan an kai musu hari sun maida wuta sun kashe wasu, don in anka harbe ka kana da izni. Amma kahin nan sai haƙuri. Mutane na ganin jarumtar soja ita ta harbi, wallahi harbi shi na mai sauƙi, tsoro ma na sa ka yi shi. Ka tsaya ana zaginka ana auna ka kuma ka san kana iya kashe shi, ka ƙi, sannan a canje ka ka kwanta awa huɗu ka dawo ka sake, wannan ba kowa ba.

Bashar: Akwai kuma lokacin da haƙurin bai hana komai. Bairut, 18 ga Afrilun 1983, mota cike da bam ta shiga gaban ofishin, mutum 63 suka mutu, har da kofur ɗin da ke gurbi na ɗaya Robert McMaugh. Ga Saigon kafin nan, a ƙarshen yaƙin Biyetnam, 30 ga Afrilun 1975, Marin 11 ne na ƙarshe bisa rufin ofishin suna jiran jirgi, sun toshe matakala, a farfajiya kuma an bar mutum kusan 400 da aka yi wa alkawarin za a kwashe su.

Nafisa: Waɗanda aka bari ɗin akasari 'yan ƙasar ne ko?

Bashar: Akasari 'yan Biyetnam ne, da wasu 'yan Koriya ta Kudu.

Nafisa: Ka riƙe min wannan ma.

Bashar: Kafin ki zo kanta Anti bari in kawo wani ɓangare, don ba kullum bam da wuta ba ne, yawancin shekarun aikin shiru ne da kaɗaici, kuma nan ma akwai haɗari. Clayton Lonetree, sajan ne a ofishinsu na Mosko a tsakiyar shekarun 1980, ya faɗa soyayya da wata 'yar Rasha mai aikin fassara a ofishin, ita kuma ta haɗa shi da wani wai kawunta Sasha, ashe jami'in KGB ne, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet. Ya riƙa ba su bayanai har bayan an maida shi Biyana, a ƙarshen 1986 ya kai kansa ya faɗa, 1987 kotun soja ta yanke masa shekara 30, daga baya aka rage, ya fito 1996.

Kawu Sajan: Yaro ba mata, ba dangi, ƙasar sanyi, ba ka jin harshensu, an ce kar ka yi hulɗa da kowa. Duk wanda yay yi ma murmushi sai ka ɗauka masoyi na. Mu ma mun ga irinta ga yaranmu can waje, shi ya sa sajan na ƙwarai ba wurin fareti kaɗai shika sa ido ba, shina lura wa ad daina cin abinci, wa ka yawan hita shi kaɗai, wa ab bar rubuta wasiƙa gida.

Nafisa: To yanzu ku ba ni fili. Nairobi, Juma'a 7 ga Agustan 1998, wajen ƙarfe goma da rabi na safe. Mota cike da bam ta zo ƙofar baya ta ofishin Amurka tana son shiga garejin ƙarƙashin ginin. Su wa ta tarar? Ba Marin ba. Masu gadi 'yan Kenya ne na kamfani, ba bindiga a hannunsu. Aka ce su ɗaga shingen suka ƙi, aka nuna musu makami aka jefa gurneti mai ƙara suka ƙi buɗewa, ɗaya ya ruga yana kira a rediyo. Motar ta tashi a waje. Mutum 213 suka mutu a Nairobi, wasu 11 a Darussalam a daidai lokacin, dubbai suka ji rauni, da yawa gilashi ne ya makantar da su don ƙarar gurnetin ta sa sun leƙo taga. Benen Ufundi da ke maƙwabtaka, mai makarantar koyon aikin sakatariya a ciki, ya ruguje gaba ɗaya kan mutane. Amurkawa 12 ne cikin mamatan, har da sajan ɗin Marin Jesse Aliganga, sauran kusan duk 'yan Afirka ne. Yanzu ku ƙaddara masu gadin nan sun ji tsoro sun ɗaga shingen motar ta shige ƙarƙashin ginin, wa zai fita?

Kawu Sajan: Ba kowa. Bam cikin rami ƙarhinshi sama shika yi.

Nafisa: To shi ne maganata Baba. In ana ba da tarihin nan sunayen sojojin ake jerowa, kuma sun cancanta ban hana ba, yaron Islamabad ya ba ni tausayi har raina. Amma wanda bam ke fara samu shi ne na bakin titi, kuma na bakin titi ɗan ƙasa ne, talaka ne, irin 'yan uwanmu ne da ke barin Jega da Bunza da Gummi su tafi Abuja da Legas aikin gadi. Ɗan yayata yana wannan aikin a ƙofar wani ofishin jakadanci a Abuja, ba zan faɗi wanne ba, kamfani ne ya ɗauke shi. Na je wurinsa na gani. Awa goma sha biyu a tsaye, kayan aikinsa madubi ne mai dogon mariƙi da yake turawa ƙarƙashin mota, da rediyo, da usur, da kulki. Kowace mota sai ya buɗe gaba ya buɗe but, ya zagaya ta, mai motar na ciki da gilashi a rufe yana shan sanyi wani ma yana masa tsawa wai ya ɓata masa lokaci. Na ce masa in ka ga abin a madubin fa? Ya ce Inna sai in danna rediyo in faɗa, su na ciki su kulle ƙofofi. Na ce kai fa? Ya yi dariya kawai ya ci gaba da aikinsa. Kuma kamfanin sai ya ja musu albashi ya wuce wata, in ka yi magana a ce akwai mutum ɗari a layi.

Bashar: Kuma ba tatsuniya ba ce a Abuja, mun ga ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agustan 2011, mota ce ta kutsa ta ƙofofi ta shiga.

Kawu Sajan: Gaskiyarki ɗiyata, ban da ja. Abu guda dai za ni ƙara, tsarin da gangan anka yi shi hawa hawa, ɗan sanda bisa titi, maigadi ga ƙohwa, soja cikin gini, kowa aikinshi shi jinkirta abokin gaba don na bayanshi shi samu minti guda. Ba laihi ga tsarin. Laihin shi na a ce wanda ka gaba shi na ba inshora, ba asibiti, in ya mutu a ba matarshi buhun shinkahwa a ce Allah shi jiƙan shi.

Bashar: Maganar diyya ma har yau ba ta mutu ba a Kenya. Sudan, da aka zarga da ɗaure wa maharan gindi, ta biya dala miliyan 335 don a cire ta daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci, kuɗin ya tafi ga Amurkawa da ma'aikatan ofisoshin, amma ɗan Kenya da yake wucewa a bas ko yake aiki a benen maƙwabta bai shiga wannan rabon ba, duk shekara ranar 7 ga Agusta sai sun fito sun yi kuka. Kuma a ranar ma an yi ta ƙorafi cewa sojojin Marin sun zagaye ginin da bindiga sun hana jama'a shiga ceto.

Kawu Sajan: Nan kam za ni kare su kaɗan. Gini ya tsage, ba ka san ko akwai bam na biyu ba, abokinka na ƙarƙashin kankare, akwatunan sirri sun hwashe, kai kuma ku 'yan kaɗan. Abin da anka koya ma shi za ka yi, ka killace wuri. Amma na san in ɗana na cikin ɓaraguzzan nan wani baƙo ya tare ni da bindiga cikin garinmu, har in mutu ban yahe mai ba. Duka biyun gaskiya na.

Nafisa: Ni dai na fi jin ta mai ɗan.

Bashar: Bangazi ta Libiya ce ta sa suka sake lale. Ranar 11 ga Satumbar 2012 aka kai hari aka kashe jakada Christopher Stevens da wasu Amurkawa uku, kuma babu tawagar Marin a wurin sam. Bayan nan aka amince a ƙara musu mutum kusan 1,000, aka ƙara yawan kowace tawaga, aka kafa wata runduna a Kwantiko da za a iya turawa da gaggawa, sannan aka ɗaga kare rayukan ma'aikata ya zama cikin aikin farko. Kin ga maganarki ta takarda da rai su ma sun dawo kanta Anti.

Nafisa: Bayan shekara sittin da wani abu. To namu fa? Ofisoshin Najeriya a waje, wa ke tsaronsu? Don mutane na ji an ce akwai hafsan soja a ofishin jakadanci sai su ɗauka gadi yake.

Kawu Sajan: A'a, wancan babban hafsa na, kanar ko birgediya, aikinshi hulɗa da sojan ƙasar, kwasa-kwasai, sayen kaya, rubuta rahoto. Ba shi tsayi ƙohwa.

Bashar: Kuma mun ga abin da ya faru a Akara a watan Yunin 2020, da dare wasu suka zo da katafila suka rushe wani gini da ake yi a harabar gidan jakadanmu, sai da shugaba Akufo-Addo ya kira Buhari ya ba da haƙuri. Ghana fa, ƙasar da muke zaman lafiya da ita. Ga Khartum a 2023, Amurka ta sauke jirage da dare ta kwashe ma'aikatanta, ɗalibanmu kuwa, cikinsu har da 'yan Kebbi da Zamfara da Sakkwato, a bas suka keta sahara zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a can kafin a bar su su shiga.

Kawu Sajan: In da za a ji tawa, ba sai ko'ina ba, amma inda ad da wuta kamar su Khartum da Tarabulus da Bangi, a zaɓi yara masu hankali a horar da su musamman, a koya musu harshe da dokar jakadanci, a gwada haƙurinsu kahin a gwada harbinsu. Muna da su, na yi aiki da su, ga barikin Dukku nan kusa ku je ku gani. Sojan da yat tsaya shingen bincike Monrobiya shekara guda bai kashe ɗan kowa ba zai iya tsaron ƙohwar jakada.

Nafisa: Ni kuma a haɗa da na bakin ƙofa, na can da na nan. Duk ofishin jakadancin da zai ba kamfani kwangilar gadi a ƙasar nan, a sa a rubuce cewa akwai inshorar rai da ta asibiti, kuma albashi ranar kaza, ma'aikatar ƙwadago ta bi ta duba. Wanda ke da ɗan uwa a wannan aikin ya turo mana saƙon murya ya faɗa mana yadda suke ciki, ba sai ya faɗi suna ko wurin aiki ba, za mu saka a shiri na gaba.

Bashar: To mutumin Kamba ka ji amsarka har da ƙari. Kawu mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya.

Kawu Sajan: Amin Basharu, ku gaida gida. An kusa kiran la'asar, ku tashi mu tahi.

Nafisa: Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, assalamu alaikum.